Wa zai yi jinyar masu jinyarmu? Darasi daga wata allura a Gwadangaji

Ina da ƙanwa ma'aikaciyar jinya da ke zaune da iyalinta a Gwadangaji, a bakin Birnin Kebbi. Ta daɗe tana aiki a ɗakin yara na wani asibitin gwamnati. Wata safiya a daminar da ta wuce na biya in gaishe su, na tarar dawowarta ke nan daga aikin dare. Ko kayan aikin ba ta cire ba. Tana zaune a kan tabarma a inuwar darbejiya, ta ɗora hula a gwiwa tana ɗinki.

Na ce mata, "Ke da kika kwana a tsaye, ba za ki je ki kwanta ba?"

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Yaya, in na kwanta yanzu fuskokinsu zan riƙa gani. Yara biyu muka rasa cikin dare. Bari in cike wannan layin, sai barcin ya zo."

Na zauna ina kallonta. Hannun da ya kwana yana neman jijiya a hannun jariri da allurar asibiti, shi ne yanzu yake bin zane da allurar ɗinki. Bayan kamar rabin awa na ga kafaɗunta sun sauka, numfashinta ya daidaita. Ta naɗe hular, ta ce mini sai an jima, ta shiga ɗaki.

Ba likita ne ya rubuta mata wannan magani ba. Ita ta lalubo wa kanta. Amma abin da ta lalubo yana da suna a duniyar kiwon lafiya, kuma akwai bincike a kansa. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da asibitocin Jihar Kebbi za su ɗauke shi da muhimmanci, su ba shi wuri da lokaci a cikin tsarin aiki, ba tare da an mayar da shi hujjar danne haƙƙin ma'aikata ba.

Ciwon da ba ya fita a gwajin jini

Duk wanda ya taɓa jinyar wani a asibitocinmu yana da labarin da zai bayar a kan nas mai tsawa ko likita mai ɗaure fuska. Muna yawan ba da wannan labarin a majalisa da shafukan Facebook, kuma sau da yawa da gaskiyarmu. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: yaya aka yi yarinyar da ta shiga makarantar jinya da zumuɗin taimakon mutane ta koma haka cikin 'yan shekaru?

Masana sun daɗe da amsa wannan tambaya. Tun a 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya bayyana wata irin gajiya da ya gani a tsakanin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin Niyok. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundinta na rabe-raben cututtuka. Ba ta kira ta cuta ba, ta ce matsala ce da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a shawo kansa ba. Ta ba ta alamomi uku: ƙarewar kuzari, bushewar zuciya game da aikin har mutum ya riƙa jin ba ruwansa, da kuma raguwar ƙwazo.

Ni zan kira ta gajiyar rai, domin ta wuce gajiyar jiki. Gajiyar jiki barci ɗaya na kawar da ita. Gajiyar rai kuwa da ita ake kwana, da ita ake tashi. Alama ta biyu, wato bushewar zuciya, ita ce muke gani a matsayin wulaƙanci idan muka kai mara lafiya. Ba ina wanke mai laifi ba ne. Ina cewa ne wani lokacin tsawar da aka yi maka alama ce ta ciwon da mai tsawar ke ɗauke da shi.

Mu dubi nauyin da ke kan waɗannan mutane. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisin aiki a Najeriya kusan 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun bar ƙasar a 'yan shekarun da suka gabata. Waɗanda suka rage ma yawancinsu sun taru a manyan birane irin su Legas da Abuja. Duk likita ko nas da ya tafi, aikinsa bai tafi da shi ba. A kan wanda ya rage yake faɗawa.

Sannan ga irin abin da idanunsu ke gani a nan gida. A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta tabbatar da mutuwar mutum 26 a ɓarkewar sanƙarau a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife a yankin Warrah da ke ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu. A Maiyama, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF na kula da yara masu tamowa, kuma kowa ya san yadda gadaje ke cika idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya kunno kai.

Mu muna karanta waɗannan a waya, mu ce Allah ya jiƙansu, mu wuce zuwa labari na gaba. Su kuwa su ne suka riƙe hannun mamatan. Su ne suka fito suka gaya wa uwa. Kuma washegari ana jiran su zo aiki da murmushi.

Ga kuma al'adarmu ta dauriya. An san Bahaushe da cewa namiji ba ya kuka, mace kuma ta yi haƙuri. Ma'aikacin lafiya ya fi kowa jin kunyar cewa shi ma yana neman taimako, don wanzami ba ya son jarfa. Idan aka ji nas ta je ganin likitan ƙwaƙwalwa, kafin azahar labari ya zaga asibiti. Shi ya sa ake buƙatar wata ƙofa da mutum zai shiga ba tare da an nuna shi da yatsa ba.

Mece ce jinya da fasaha?

A taƙaice, amfani ne da zane, ko kiɗa da waƙa, ko rubutu, ko motsa jiki, ko wasan kwaikwayo, ko aikin hannu, a ƙarƙashin jagorancin wanda aka horar, domin mutum ya fitar da abin da ke cin ransa ya kuma samu natsuwa. Ba a neman gwani. Ba a ba da maki. Abin da ake so shi ne hannu ya faɗi abin da baki ya kasa faɗa.

Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ake dangantawa da raɗa wa abin suna a 1942, lokacin da yake jinyar tarin fuka, ya lura zane na rage masa zaman kaɗaici da damuwa, ya kuma jawo sauran majinyata ciki. A nan Najeriya ma, a farkon shekarun 1950, Ulli Beier ya kai takardu da fenti ga masu taɓin hankali a Lantoro da ke Abeokuta. A zamaninmu kuma, Kunle Adewale na Legas ya shahara wajen shigar da masu fasaha asibitoci su yi aiki da majinyata da ma'aikata.

To, akwai hujja kuwa, ko dai labari ne mai daɗin ji?

A 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin Turai ya fitar da wani rahoto da Daisy Fancourt da Saoirse Finn suka rubuta, bayan sun bi diddigin wallafe-wallafe fiye da 900. Sun kammala da cewa fasaha na da rawar takawa wajen rigakafi da kuma kula da marasa lafiya, har da tallafa wa masu kula da su.

A 2016 Girija Kaimal da abokan aikinta a Jami'ar Drexel ta Amurka sun ba mutum 39 yumɓu da alƙaluman launi da takardu, suka bar su minti 45 kowa ya yi abin da ya ga dama. An auna sinadarin kotisol a yawunsu kafin a fara da bayan an gama. Kotisol shi ne sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa idan mutum na cikin matsi. Kimanin kashi 75 cikin 100 nasu ya sauka, kuma babu bambanci tsakanin wanda ya iya zane da wanda bai taɓa yi ba.

A kan ma'aikatan lafiya kai tsaye kuwa, a 2003 Barry Bittman ya gwada kiɗan ganguna a rukuni da ma'aikata 112 na wani gidan kula da tsofaffi a Jihar Fensilbaniya. Bayan zama shida, alamomin gajiyar rai da ɓacin rai sun ragu.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Jami'ar Kolorado, ƙarƙashin jagorancin Dakta Marc Moss, likitan ɗakin masu tsananin jinya. An fara shi a lokacin annobar korona, aka wallafa a 2022. Ma'aikatan lafiya fiye da 140 suka shiga. An raba wasu zuwa rukuni huɗu: zane, kiɗa, motsa jiki, da rubutu, suna haɗuwa minti 90 sau ɗaya a mako har mako 12. Wasu kuma aka bar su ba tare da shirin ba domin a kwatanta. Waɗanda suka shiga sun nuna raguwar fargaba da baƙin ciki da alamomin firgicin bayan tashin hankali, kuma niyyarsu ta barin aikin ta ragu.

Wannan na ƙarshen ya kamata mahukunta su ja masa layi. Jihar da ke kukan ma'aikata na guduwa ba za ta raina duk abin da ke rage sha'awar tafiya ba.

Adalci ne kuma in ce waɗannan bincike ƙanana ne, a ƙasashen waje aka yi su, kuma da mutanen da suka kawo kansu da son ransu. Ba su nuna cewa zane na warkar da kowa ba. Abin da suka nuna shi ne hanya ce mai araha, mai ƙarancin illa, wadda ke taimaka wa mutane da yawa. Wannan ya isa a gwada.

Ƙasar Kabi ba baƙuwa ba ce a wannan fage

Idan aka ce jinya da fasaha, wani zai ce ga wani sabon salon Turawa. Ni kuwa ina ganin Turawan sun auna ne kawai abin da kakanninmu suka daɗe suna yi.

Ku tuna yadda ake aiki mai wuya a ƙasar Hausa. Mata ba sa daka a shiru, akwai luguden taɓarya da waƙar daka. Mai niƙa a kan dutse tana da waƙarta, kuma a cikinta take sako abin da ke damunta na gidan miji, wanda ba za ta iya faɗa a fili ba. Ana daɓe da waƙa. Ana gayya da gangar noma. Maƙera na da kiɗansu, mahauta na da nasu, masunta na da nasu. Al'ummar da ta tsara wannan ta fahimci cewa aiki mai nauyi yana buƙatar abin da zai sauke shi daga zuciya, kuma ba ta bar wa mutum shi kaɗai ya nemo ba. Ta saka shi a cikin aikin.

Aikin asibiti na zamani ya zo mana da fararen kaya da jadawali da takardun sa hannu, amma bai zo da waƙar dakansa ba. Shi ne kusan sana'a ɗaya tilo da muke sa mutum ya kalli mutuwa kullum, mu kuma ce ya yi shiru.

Mu je Argungu. Bikin kamun kifi da duniya ta san mu da shi ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, aka rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi. Da aka tashi ɗinke wannan tsohon rauni, an haɗa da ruwan Matan Fada da kiɗa da wasannin Kabanci. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ya ga makaɗa a cikin kwale-kwale suna zuga masu homa da gora, ya san kiɗan nan ba ado ba ne kawai. Yana cikin abin da ke riƙe masuncin a ruwa.

Ta fuskar malamai ma haka ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya tara waƙoƙinsa a littafin Tazyinul Waraƙat, kuma a cikinsu akwai na juyayin abokai da malamai da ya rasa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi marsiyyoyi ga 'yan uwanta da aminanta da suka riga ta. Waɗannan mutane ne da ba wanda zai zarge su da raunin tawakkali, amma da baƙin ciki ya zo, sun ba shi kalmomi da ma'auni da amsa-amo. Abin da Dakta Moss ya sa rukuninsa na rubutu suka yi a Kolorado, an yi irinsa a Gwandu da Wurno da Sakkwato kusan shekara 200 da suka wuce.

Ga kuma zayyana da allon sauka, ga ɗinkin hula da na babbar riga, ga saƙar tabarma da faifai, ga ginin tukwane, ga zanen ƙwarya, ga ƙunshi. Ba mu da ƙarancin kayan aiki. Abin da ba mu yi ba shi ne kai su inda ake buƙatarsu.

Ƙorafi na farko: addini

Na san akwai mai karatun da tun da na ambaci ganga ya fara ɗaure fuska. Wasu malamai na ganin kiɗa bai halatta ba, wasu na da sassauci a kai, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Akwai kuma wanda da ya ji an haɗa kiɗa da magani zai tuna da bori. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma duk shirin da ya yi watsi da ita a Kebbi ya mutu tun kafin a haife shi.

Amsata biyu ce. Ta farko, kiɗa reshe ɗaya ne kawai. Wanda ba ya so, ga rubutu, ga waƙa ba tare da kayan kiɗa ba, ga zayyana, ga ɗinki, ga yumɓu. Wanda ke ƙyamar zana mai rai ya zana ganye da taurari da dagi. Inda ake son a raba maza da mata, a raba. Kada a tilasta wa kowa komai.

Ta biyu, kula da lafiyar rai ba baƙon abu ba ne a tarihin likitancin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a ƙarni na 10, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya ware babi-babi a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, yana mai cewa rai na rashin lafiya kamar yadda jiki ke yi. Asibitin da Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ya gina a Edirne a 1488 ya shahara da amfani da sautin ruwa da ƙamshi da kiɗa wajen kwantar da hankalin majinyata.

Salla da addu'a da karatun Alƙur'ani, ko zuwa coci ga 'yan uwanmu Kiristoci, su ne ginshiƙin da yawancin ma'aikatanmu ke jingina da shi, kuma ba wanda ke neman maye gurbinsu. Ƙanwata ta yi sallar asuba kafin ta ɗauki allurarta. Ɗaya bai kori ɗaya ba.

Ƙorafi na biyu: "Ku biya mu haƙƙinmu tukuna"

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi nauyi, kuma ina tare da masu yin sa. Da na gaya wa ƙanwata abin da nake shirin rubutawa, dariya ta yi. Ta ce, "Yaya, in za ka rubuta, ka fara da cewa a ƙaro mana hannu. Mutum biyu a ɗaki cike da yara, wane zane ne zai gyara wannan?"

Gaskiyarta. Kuma bincike na bayanta. A 2017 Maria Panagioti ta Jami'ar Manchesta da abokan aikinta sun tattara gwaje-gwajen da aka yi na rage gajiyar rai a tsakanin likitoci, suka gano cewa gyaran da aka yi wa tsarin aiki, kamar jadawali da yawan aiki da haɗin kan ma'aikata, ya fi tasiri a kan shirye-shiryen da ke nufin gyara mutum ɗaya-ɗaya. Ma'ana, idan rufi na yoyo, ba a wadatuwa da raba wa mutanen ɗaki lema.

Akwai haɗari na gaske a nan. Mun san halin wasu mahukunta. Za a iya kiran taro a babban ɗaki, a kawo makaɗa, a raba riguna masu tambari, a ɗauki hoto, a ce an magance matsalar ma'aikatan lafiya, alhali alawus bai fito ba, ba a ɗauki sababbin ma'aikata ba, janareta ba mai. Idan haka za a yi, gara kada a fara. Zai zama cin fuska.

Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan alƙawari ba. Ƙungiyoyin likitoci da na ma'aikatan jinya su ci gaba da matsa lamba a kan wannan, kada su sassauta.

Amma ga inda na rabu da masu cewa a jira. Ko gobe aka ninka albashi, aka cike duk guraben aiki, yaro zai ci gaba da mutuwa a hannun nas. Ma'aikatan da aka yi binciken Kolorado da su suna aiki ne a ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan lafiya, amma hakan bai hana su gajiyar rai ba. Akwai ɓangaren wannan nauyi da kuɗi ke saukewa, akwai ɓangaren da ke cikin aikin kansa. Na farko haƙƙi ne da za a ƙwato. Na biyu rauni ne da za a yi wa magani. Wanda ke zubar da jini ba a ce masa ya jira a gama shari'a da wanda ya sare shi.

Abin da nake ganin za a iya yi

Masu tsara harkar lafiyar jihar ba su da nisa da tabarmar da ƙanwata ke zama, domin sakatariyar gwamnati na nan Gwadangaji. Ga shawarwarina gare su da shugabannin asibitoci.

Na ɗaya, a fara da gwaji ƙarami. A zaɓi wurare biyu ko uku, misali Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi da babban asibitin Argungu, a kuma gayyaci asibitin koyarwa na tarayya ya shigo. Rukuni na mutum goma zuwa goma sha biyu, sau ɗaya a mako, na wata uku. A fara da ɗakunan da suka fi ganin mutuwa: na yara, na haihuwa, na gaggawa.

Na biyu, a yi shi a cikin lokacin aiki. Wannan shi ne ma'aunin gaskiyar niyya. Idan aka ce nas ta dawo ranar hutunta don a rage mata gajiya, an ƙara mata wata ne.

Na uku, a samu jagora mai horo. Idan mutum ya fara zana abin da ya daɗe yana dannewa, wani lokacin kuka ne zai ɓarke. Dole a samu wanda ya san yadda zai riƙe wannan zama, ya kuma gane wanda ke buƙatar ganin likita. Masana halayyar ɗan Adam da nas-nas na ɓangaren ƙwaƙwalwa za su iya samun ƙarin horo, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato maƙwabcinmu ne. Gwanayen ɗinki da zayyana da waƙa na gari su zo a matsayin abokan aiki, a biya su ladansu.

Na huɗu, sirri. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Kada oga ya zauna a rukuni ɗaya da na ƙasa da shi. Kada a ɗauki hoto. Kada a rubuta wa kowa a fayil cewa ya halarta. Kuma kada a manta da masu shara da masu tura gado da masu gadin ƙofa da ma'aikatan ɗakin ajiye gawa, waɗanda ke ganin abin da kowa ke gani amma ba a taɓa tambayar su yaya suka kwana.

Na biyar, a auna. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero na da malamai da ɗaliban da za su iya bin shirin da tambayoyin da masana suka amince da su, kafin a fara da bayan an gama. Idan ya yi amfani, a faɗaɗa. Idan bai yi ba, a faɗi gaskiya a canza salo. Ta haka Kebbi za ta samu hujjarta ta kanta maimakon aro daga Kolorado.

Na shida, a fara tun daga makaranta. Kwalejin koyon jinya ta Birnin Kebbi da makarantar fasahar lafiya ta Jega su koya wa ɗalibai alamomin gajiyar rai da hanyoyin kare kai, kamar yadda ake koya musu wanke hannu da sa safar hannu.

Duk wannan ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila. Ɗaki ne guda, da tabarmi, da zare, da takarda, da yumɓu, da awa ɗaya da rabi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda aka sanar a watan Janairun 2023 ta kuma maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ɗora lafiyar rai a matsayin haƙƙi. Ma'aikacin asibiti ma ɗan ƙasa ne.

Namu rabon

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Idan kai ma'aikacin lafiya ne, kada ka jira takarda daga sakatariya. James Pennebaker na Amurka ya nuna tun 1986 cewa rubuta abin da ke damun mutum na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, na iya taimaka wa lafiyarsa. Biro da takarda kawai ake nema, kuma kana iya yaga ta bayan ka gama. Idan kuma abin ya kai ga rashin barci na makonni, ko shan ƙwaya don a iya aiki, ko tunanin cutar da kai, to an wuce wurin zane. A ga likita, ba tare da jin kunya ba.

Idan kuma kana da nas ko likita ko ungozoma a gidanka, ka lura da abin da take yi idan ta dawo. Wataƙila saƙa ce, wataƙila shuka ce a bayan ɗaki, wataƙila wani littafi ne da take rubutu a ciki. Kada a ce mata ɓata lokaci take yi. A rage mata hayaniyar yara na rabin awa.

Hular da ƙanwata ke ɗinkawa a ranar nan tana kaina a sallar da ta wuce. Mutane sun yi ta yaba aikin, suna tambayar inda na saya. Ban gaya musu cewa kowane layi a jikinta dare ne guda a ɗakin yara ba. Ita ta samu allurarta. Akwai ɗaruruwa a asibitocinmu daga Kamba zuwa Zuru da ba su samu tasu ba, kuma gobe da safe a hannunsu za mu ɗora 'ya'yanmu.